Dokta Yusufu Bala Usman: Malamin Tarihin da Ya Bi Diddigin Rabon Iko a Najeriya

Duk lokacin da muhawarar sauya fasalin ƙasa ta taso a Najeriya, wato batun rage wa gwamnatin tarayya ƙarfi a miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi, sunan marigayi Dokta Yusufu Bala Usman yana cikin waɗanda ake ambata. Ya rasu a Zariya ranar Asabar, 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Bala Usman bai karanta aikin lauya ba, malamin tarihi ne. Duk da haka ya zauna a kwamitin da ya tsara daftarin kundin tsarin mulkin 1979, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, kuma ya ƙare rayuwarsa yana fafatawa da lauyoyi da masana siyasa a kan ma'anar tarayya. Tambaya guda ce ta ratsa ayyukansa tun daga farko har ƙarshe: idan an sauko da iko daga sama, a hannun wa yake tsayawa? Ra'ayinsa shi ne, ƙirƙiro sababbin jihohi da ƙara wa gwamnoni hurumi ba za su amfani manomi da makiyayi da ɗan kasuwa ba, muddin doka ba ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin da zai iya nema a gaban alƙali a duk inda yake zaune ba.

Asali da karatu

An haife shi a Musawa, cikin Lardin Katsina na wancan zamani, a shekarar 1945. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan'uwan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Kakansa na wajen uba shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka ɗora a kan gadon sarauta a 1906 ya yi mulki har 1944. Mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Saboda haka ya tashi yana ganin yadda mulkin En'e yake gudana daga ciki: yadda umarni ke fitowa daga Razdan zuwa fadar sarki, daga nan zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, da yadda haraji ke bin wannan hanya ya koma sama.

Ya fara karatu a Musawa, ya ci gaba a Kankiya da Minna, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya sami digirinsa na farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lankasta. Ya komo gida a 1967, shekarar da aka rushe jihohi huɗu na da aka kafa 12, kuma shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya yi har zuwa 1971, kafin ya koma Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello baki ɗaya.

A can ya haɗu da Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan Najeriya, wanda ya kafa sashen a 1962. Smith ya horar da ɗalibansa su riƙa tuhumar labaran da Turawan mulkin mallaka suka rubuta, su koma ga rubuce-rubucen Larabci da ajami, da bakin dattawa, da kufan garuruwa. A ƙarƙashin kulawarsa Bala Usman ya kammala digirin digirgir a 1974.

Abin da tarihin Katsina ya koya masa

Binciken nasa ya shafi ƙasar haihuwarsa. An buga shi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400–1883, kuma ya bi yadda tsarin sarauta ya kafu a Katsina, yadda jihadin ƙarni na 19 ya kifar da shi, da yadda masarautar da ta gaje shi ta ginu.

Kafin wannan aiki, labarin da ya fi yaɗuwa a littattafan makaranta shi ne cewa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yaƙi ne tsakanin Fulani da Haɓe. Bala Usman ya nuna cewa wannan fassara ba ta iya bayyana abin da ya faru a Katsina. Akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu, akwai Fulani da ba su bi ba, kuma abin da ya raba mutane ya haɗa da aƙida, da sana'a, da matsayinsu a gaban masu sarauta, da irin nauyin haraji da ke kansu. Ya kuma nuna cewa tun zamanin Muhammadu Korau, Katsina ta ginu ne daga garuruwa masu yawa da baƙi masu shigowa daga kowace kusurwa, malamai da fatake da maƙera da makiyaya, waɗanda zama tare ya mayar da su Katsinawa.

Littafin ya taɓo batun rabon iko kai tsaye. Bayan faɗuwar birnin Katsina a 1807, shugabannin jihadi uku ne suka fito a ƙasar: Ummarun Dallaje, da Ummarun Dumyawa, da Muhammadu Na Alhaji. Sarauta ta tabbata a gidan Dallaje, amma sauran gidajen sun riƙe yankuna masu faɗi, tsohuwar zuriyar sarakuna kuma ta koma arewa ta kafa Maraɗi. Tarihin masarautar a ƙarni na 19 ya zama tarihin ja-in-ja tsakanin fada da manyan hakimai a kan ƙasa da haraji da mayaƙa. Darasin da ya ɗauka daga nan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: al'umma abu ce da tarihi ke ginawa yana sauyawa, kuma kowane rabon iko yana da waɗanda suka ci riba da waɗanda aka ɗora wa kaya.

Wannan fahimta ce ta sa ya rubuta suka mai ƙarfi a kan yadda masana irin su M. G. Smith suke amfani da sunayen ƙabilu wajen fassara tarihin ƙasar Hausa. Shi ne kuma ya tace takardun taron ƙara wa juna sani da aka yi a Sakkwato a 1975 a kan Daular Usmaniyya, aka buga su littafi a 1979.

A kwamitin tsara kundin tsarin mulki

Ranar 18 ga Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin da zai tsara daftarin sabon kundin tsarin mulki, ƙarƙashin jagorancin babban lauya Cif Rotimi Williams. An zaɓi mutum 50, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, saura 49, dukkansu maza. Bala Usman yana cikinsu yana ɗan shekara 30. A daidai wannan lokaci kuma yana cikin kwamitin da ya sake duba manufofin Najeriya na hulɗa da ƙasashen waje, wanda Farfesa Adebayo Adedeji ya shugabanta.

Ƙasar tana cikin sauye-sauye masu yawa. A Fabrairun 1976 jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19. A shekarar ce kuma aka yi garambawul ga mulkin ƙananan hukumomi, aka kawo ƙarshen En'e, aka shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Kwamitin ya miƙa rahotonsa ga Janar Olusegun Obasanjo a Satumban 1976, bayan kisan Murtala.

Mutum biyu ba su yarda da abin da masu rinjaye suka tsara ba: Bala Usman da Dokta Olusegun Osoba, malamin tarihi na Jami'ar Ife, wanda ba shi ne ɗan jaridar da ya zama gwamnan Ogun ba. Su biyun suka rubuta nasu rahoto da nasu cikakken daftarin kundi. Gwamnatin soja ba ta karɓe shi ba, ba ta kuma buga shi tare da na masu rinjaye ba. Sai a 2019, shekara 43 bayan rubuta shi, aka fitar da shi a matsayin littafi.

Saɓanin ya fi ƙarfi a wurare biyu. Na farko shi ne haƙƙin ilimi da lafiya da aikin yi. Daftarin masu rinjaye ya jera waɗannan a babi na biyu a matsayin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba, amma ya hana kotu sauraren ƙarar wanda aka tauye masa su. Wannan hani yana nan har yau a sashe na 6 na kundin 1999. Marasa rinjayen sun nemi a mayar da su haƙƙoƙin da ɗan ƙasa zai iya kai ƙara a kansu, domin a ganinsu alkawarin da ba a iya tilasta cika shi ado ne kawai a takarda.

Na biyu shi ne ma'anar zama ɗan ƙasa. Don a hana wani yanki mamaye muƙamai, kundin 1979 ya zo da ƙa'idar daidaiton wakilci a ma'aikatun tarayya, ya kuma wajabta naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, wanda dole ya kasance ɗan asalinta. Sannan ya fassara ɗan jiha da cewa shi ne wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko kakansa ya fito daga wata al'umma ta asalin jihar. Bala Usman da Osoba sun hango cewa wannan zai haifar da 'yan ƙasa iri biyu a kowane gari, masu gida da baƙi, ko da baƙon an haife shi a nan, yana biyan haraji a nan, a nan kuma za a binne shi. Sun nemi zama ɗan Najeriya ya kasance guda ɗaya, mai cikakken haƙƙi a ko'ina. Sun kuma nemi masu riƙe da muƙamai su riƙa bayyana dukiyarsu a fili inda jama'a za su iya dubawa.

Da aka rufe masa ƙofar gwamnati, sai ya kai muhawarar gaban jama'a. Ya gabatar da takarda a taron da Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, Zariya, ta shirya a kan daftarin a 1977, wanda Dokta Suleimanu Kumo da Abubakar Aliyu suka tace takardunsa. Ya yi laccoci, ya yi rubutu a jaridu, aka tattara da yawa daga cikinsu a littafin For the Liberation of Nigeria da aka buga a Landan a 1979.

Daga aji zuwa ofishin gwamnati

Zaɓen 1979 ya ba shi damar gwada ra'ayinsa a aikace. Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci kujerar gwamnan Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, ya naɗa Bala Usman Sakataren Gwamnati. Ya riƙe muƙamin daga 1979 zuwa 1982.

Ɗaya daga cikin matakan farko da gwamnatin ta ɗauka, kamar takwararta ta Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, shi ne soke haraji da jangali. Matakin ya wuce batun kuɗi. Ta hanyar tara waɗannan kuɗaɗe ne hakimai da dagatai suke riƙe da wuyan talakawa tun zamanin Turawa, kuma wanda ya gaza biya yakan rasa akuya ko hatsi ko ma gona. Soke su ya rage wannan ƙarfi. Abin lura shi ne, Sakataren Gwamnatin da aka yi haka a zamaninsa jikan Dikko ne, kuma baffansa Usman Nagogo yana kan gadon sarautar Katsina a lokacin. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar binciken filaye da gonaki domin sauraren koke-koken manoman da aka ƙwace wa ƙasa.

Sai dai kundin da ya soki daftarinsa ya nuna masa wani ɓangare na rauninsa. Jam'iyyar NPN ce take da babban rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar, ta kuma ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata. Haka jihar ta zauna babu majalisar zartarwa, nauyin gudanar da mulki ya taru a kan ofishin gwamna da na Sakatare da manyan ma'aikata. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Najeriya, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Bayan kwana 17, ranar 10 ga Yuli, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamnan Kano shawara kan siyasa, a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin jihar ta aika wa Sarkin Kano. Bala Usman ya tace littafin Political Repression in Nigeria, wanda kwamitin tunawa da marigayin ya fitar a 1982.

Ya koma jami'a da sanin da littafi ba ya bayarwa. Ya ga cewa jiha tana iya samun majalisa da kasafin kuɗi da tuta, amma rikicin masu faɗa a ji na cikinta ya hana ikon isa ƙauye.

Addini da tattalin arziki

Tun a ƙarshen 1977, lokacin da Majalisar Tsara Kundin Tsarin Mulki ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma take ta-da-jijiyar-wuya a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, Bala Usman ya yi lacca a Zariya yana gargaɗi cewa wasu masu neman mulki da dukiya, Musulmi da Kirista, suna fakewa da addini domin su raba kan talakawa. Abubuwan da suka biyo baya sun sa mutane suka koma suna karanta laccar: rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, na Bulumkutu a 1982, na Jimeta a 1984, na Gombe a 1985, sai na Kafanchan a Maris 1987. A 1987 ya fitar da littafin The Manipulation of Religion in Nigeria, 1977–1987. Wasu malaman addini sun ga ya rage darajar imanin mutane ya mayar da komai batun abin duniya. Shi kuwa ya dage cewa abin da yake suka shi ne cinikin addini a kasuwar siyasa.

A fagen tattalin arziki ya yi adawa da karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da sharuɗɗansa, ya rubuta Nigeria Against the IMF a 1986. Ya ɗora alhakin durƙushewar ƙasa a kan dillalai da 'yan kwangila da masu cin kamasho, waɗanda ke arzuta kansu da dukiyar gwamnati ba tare da sun samar da komai ba. Shi da abokansa sun fitar da mujallar The Analyst da Turanci, da Fitila da Hausa, domin muhawarar ta isa ga waɗanda ba su shiga jami'a ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba shi da aikinsa a 1989. Ya kai ƙara, kotu ta mayar da shi.

Abin da Taraba ta tabbatar

Babu inda gargaɗin 1976 ya fi fitowa fili kamar kwarin Binuwai, kuma tarihin Jalingo kaɗai ya isa misali. Har zuwa 1967, daga Kaduna ake mulkin garin a matsayin wani yanki na Jihar Arewa. Daga 1967 ya koma ƙarƙashin Maiduguri a Jihar Arewa maso Gabas. A 1976 ya shiga Gongola, hedikwata ta dawo Yola, aka kuma haɗo Wukari daga tsohuwar Binuwai-Filato. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kafa Jihar Taraba, Jalingo ya zama fadar gwamnati. Cikin shekara 24 mazaunin iko ya taso daga nisan ɗaruruwan kilomita ya sauka a tsakiyar gari. Yau jihar tana da ƙananan hukumomi 16.

An sami amfani a wannan kusantowa: ma'aikatu, da makarantu, da hanyoyi, da wakilci a Abuja. Amma kowace sabuwar iyaka ta zo da sabuwar tambaya, wato wane ne ɗan gida a wannan ƙaramar hukuma, wa zai ba da takardar shaidar asali, kuma wa zai sami gona da gurbin karatu da kujerar kansila. Rikicin Tibi da Jukun ya ɓarke a yankin Wukari daga 1990 zuwa 1992, ya sake dawowa a 2001. A Takum, rigimar da ta shafi Kuteb da Chamba da Jukun ta yi tsanani daga 1997, bayan kafa ƙaramar hukumar Ussa da saɓani a kan iyakokinta. A Oktoban 2001 aka kashe sojoji 19 da aka tura yankin, sojoji suka kai farmakin ramuwa a Zaki Biyam da ƙauyukan da ke kewaye a Jihar Binuwai, aka rasa rayukan fararen hula masu yawa.

A Janairun 2002 gwamnatin tarayya ta kira taron sulhu a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru, kusa da Jos, domin jihohin tsakiyar ƙasa. Bala Usman ya gabatar da takarda a kan tarihin waɗannan rikice-rikice. Hujjarsa ita ce, tsaunukan tsakiyar Najeriya da kwarin Binuwai wuri ne da al'ummomi suka yi ƙarnoni suna ƙaura, suna auratayya, suna aron harshe da al'ada daga juna, don haka raba su gida biyu, 'yan asali da baƙi, ba shi da tushe mai ƙarfi a tarihi. A fahimtarsa, wutar da ke ci ta zamani ce, kuma makamashinta gasa ce a kan ƙasar noma da sarauta da muƙamai da kason kuɗin da ke zuwa daga asusun tarayya. Maganinta kuma yana cikin doka da adalci, wato a bai wa mazaunin wuri haƙƙinsa, a kuma hukunta wanda ya kashe rai ko wane ne shi.

Muhawarar arzikin mai

Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta zo da kiraye-kiraye biyu daga kudu: a kira babban taron ƙasa na wakilan ƙabilu mai cikakken iko, a kuma bar wa jihohi mallakar arzikin da ke ƙasarsu. Kundin 1999 ya ɗora mallakar ma'adinai da man fetur a hannun gwamnatin tarayya a sashe na 44, ya kuma ware wa jihohin da ake haƙowa aƙalla kashi 13 cikin 100 a sashe na 162. Mutanen Neja Delta suna tuna wa ƙasa cewa kundin 1963 kashi 50 ya ba yankin da aka haƙo ma'adinin.

Daga cibiyar bincike ta CEDDERT da ya kafa a Hanwa, Zariya, Bala Usman ya shiga muhawarar da ƙarfinsa. A 2000 shi da Dokta Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria. Sun yi jayayya da masu cewa Najeriya tarin ƙabilu ce da Lugga ya ɗaure da igiya a 1914. Sun kawo hujjojin cewa koguna da kasuwanci da ƙaura sun haɗa yankunan tun kafin zuwan Turawa, kuma manyan ƙabilun da ake magana da sunansu a yau sun sami siffarsu ta siyasa ne a cikin ƙarni na 20, tare da ginuwar Najeriyar kanta. Saboda haka, in za a yi taron ƙabilu, wa zai tantance yawansu da iyakokinsu, wa kuma ya zaɓi masu magana da yawunsu?

A wata takarda da ya gabatar a Kano a 2001 ya ƙara da cewa ƙasar Neja Delta kanta ta taru ne daga laka da tarkacen da kogunan Kwara da Binuwai suka kwaso daga cikin ƙasa tsawon miliyoyin shekaru, don haka babu al'ummar da za ta ce ita kaɗai ke da man. Wannan magana ta jawo masa martani mai zafi. Farfesa Peter Ekeh da Dokta G. G. Darah da wasu masana daga yankin sun ce hujjar tasa tana halatta ƙwacen da Turawa suka yi, tana kuma kau da kai daga gurɓacewar ruwa da gonaki da masunta da manoman Delta suke fama da ita. Sun ce lokacin da gyaɗa da koko suke riƙe da ƙasa, babu wanda ya yi irin wannan lissafi.

Sukar tana da nauyi, kuma ko a cikin masu ƙaunarsa akwai waɗanda suke ganin batun laka ya janye hankali daga babbar hujjarsa. Babbar hujjar ita ce wadda ya riƙe tun 1976: kuɗin da aka ƙara wa jiha gwamna ne ke karɓa, kuma idan babu hanyar da jama'a za su tuhume shi, masuncin Bayelsa da manomin Karim Lamido duk hannu rabbana za su tashi. Bai taɓa sassauta wa shugabannin Arewa a kan wannan ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan man da ke cikin teku a Afrilun 2002, taron gyaran siyasa na 2005 ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi kuma ya watse wakilan Kudu maso Kudu sun fice, suna neman kashi 25 yayin da taron ya tsaya a kan 17. Watanni kaɗan bayan haka Allah ya yi masa rasuwa.

Abin da ya bari

Bala Usman ya bar duniya da laƙabin Dokta, bai ɗauki na Farfesa ba, ko da yake da yawa daga cikin ɗaliban da ya koyar sun kai wannan matsayi. An san shi da tsananin neman hujja. Ɗalibi ko ɗan siyasa, duk wanda ya kawo masa magana sai ya faɗi inda ya samo ta, da wanda ya rubuta, da abin da marubucin yake nema. An kuma san shi da kaifin harshe a muhawara, abin da ya jawo masa masoya da maƙiya. Bayan rasuwarsa an tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa na tarihi a littafin Beyond Fairy Tales, cibiyar CEDDERT kuma ta ci gaba da aiki a Zariya.

Batutuwan da ya yi wa hidima suna nan a gaban ƙasa. Najeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. A Maris 2023 an gyara kundin tsarin mulki, aka ƙara wa jihohi hurumi a kan wutar lantarki, aka kuma ba su hurumi a kan jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, abubuwa biyun da a da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hukuncin da ya nuna cewa jihohin da ke kukan danniyar Abuja su ma suna danne na ƙasa da su. Ana ci gaba da muhawara a kan 'yan sandan jihohi. Fassarar ɗan asalin jiha tana nan a kundin 1999, babi na biyu kuma har yanzu ba a kai ƙara a kansa.

Mai son a ƙara wa jihohi iko da mai son tarayya ta ci gaba da riƙe ragama, kowannensu zai sami abin da zai yi gardama da shi a rubuce-rubucen Bala Usman. Abin da ya wajaba a kan duka biyun shi ne su amsa tambayar da ya bari, su faɗi yadda ikon da ake rabawa zai wuce ofishin gwamna da na shugaban ƙaramar hukuma ya isa ga mutumin da ke zaune a Jalingo ko Wukari ko Musawa, ko daga ina kakansa ya taso.

Allah ya jiƙan Dokta Yusufu Bala Usman, ya gafarta masa kurakuransa.